Warin Tunkiya a Ɗakin Ɗinki

Shekarun baya, a shekarar da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ni da yayana muka yanke shawarar ɗauko mahaifiyata daga Shagari ta dawo wajena a Boɗinga. Muna ganin mun yi tunani irin na manya. Ta fita takaba, gidan ya yi mata girma, ƙafafunta sun fara ciwo, kuma duk 'ya'yanta mun watse. Yayana yana aiki a Sakkwato, gidan haya yake ciki da iyalinsa a cunkushe. Ni ce mai ɗakin da ba kowa, kuma maigidana mutum ne mai sauƙin hali, tun kafin in gama yi masa bayani ya ce a je a ɗauko ta.

Abu guda ya rage, tumakinta. Tun ina yarinya ban taɓa sanin tsakar gidanmu babu turke ba. Mahaifiyata ta fi sanin halin kowace tunkiya a kan halin wasu jikokinta, ta san mai zarin ci, ta san mai gudun ruwa. Gidana kuwa siminti ne daga ƙofa har bayi, ga keken ɗinki, ga kayan mutane a rataye. Yayana ya ce a ba wani Bafulatani aminin mahaifinmu ya haɗa da garkensa, in sun haihu a riƙa sanar da ita. Da muka gaya mata, ta daɗe tana kallon turken, sannan ta ce, "Yadda kunka gani." Mu kuwa muka ɗauki wannan a matsayin yarda, muka kama ɗaure kaya.

Da farko na ɗauka baƙunta ce. Ta shiga ɗakin da na gyara mata, na sa mata sabon labule da katifa mai laushi, ta yi godiya, ta zauna a kan darduma. To, zaman da ta yi ke nan. Salla ce kawai take fito da ita, ta yi alwala ta koma. In na kai mata tuwo sai ta gutsuri loma biyu ta rufe kwano. Fura da nono, abin da ba ta taɓa mayarwa ba a rayuwarta, sai in tarar da ita ta tsinke a kwanon sha. Matar da in ta fara ba da labari sai an roƙe ta ta numfasa, ta koma "lahiya lau" da "Allah shi yi albarka". Zanin da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa. Na kai ta asibiti, aka auna, aka ce ban da ciwon ƙafar nan ba a ga komai ba, a dai lallaɓa ta ta ci abinci. Na ji tsoro ƙwarai. Na rasa uba, ga shi ina kallon uwa tana narkewa a cikin ɗakina, kuma na rasa ta inda zan kama.

Ku da kuke bina a nan kun san sana'ata. Ina ɗinkin mata kamar kowa, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne bargon ƙyallaye. Guntayen atamfa da shadda da suke ragewa a ƙasan teburin tela, waɗanda wasu ke sharewa su zubar, su nake yankawa murabba'i da masu kusurwa uku, in jera launi da launi, in haɗa su zama lulluɓin gado. Iyayen amare suna so, domin ba ka samun biyu iri ɗaya. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka wahalar tana wajen keke. A wajen guga take. Kowace gaɓa da ka ɗinka sai ka kwantar da bakinta da dutsen guga kafin ka haɗa ta da ta gaba, in ba haka ba kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargo ya fito da tumbi a tsakiya kamar ya ƙoshi.

A lokacin a kan tsohon zanin gado nake guga, in ninka shi in shimfiɗa a tebur. Yana zamewa, ƙyallen yana zamewa, ni ma haƙurina yana zamewa. Sai na ga wasu mata a waya, masu irin sana'ata a ƙasashen waje, suna guga a kan wata shimfiɗa mai kauri, ruwan toka, da aka yi da gashin tumaki zalla aka danne shi ya zama kamar fai-fai. Suna ta yabonta. Wai tana riƙe zafi, don haka in ka ɗora dutse a sama ita kuma tana gasa ƙyallen daga ƙasa. Wai tana kama yadi ba ya motsi. Ni kuwa in na ga kayan aiki a waya hankalina ba ya kwanciya sai na taɓa shi da hannuna. Na yi ta bibiyar wata mai kawo kayan ɗinki har ta samo mini, direban bas ya ajiye mini a tasha.

Da na buɗe sai na ɗan yi sanyi. Abu ne kamar rabin darduma, kaurinsa bai kai gaɓar yatsa ba, babu ado babu komai. Maigidana ya juya shi gaba da baya ya ce, "Wanga na kike ta rashin barci a kai?" Na ce ya jira ya gani. Na hura gawayi a dutsen guga domin babu wuta, na bari ya ɗan huce kamar yadda aka yi gargaɗi, tunda dutse mai ja yana babbake gashin. Na ɗora ƙyalle, na yayyafa ruwa, na danna. Gaskiya matan nan ba su yi ƙarya ba. Gaɓar ta kwanta luf, kamar da haka aka saƙa yadin. Sai dai akwai abin da ba su faɗa da ƙarfi ba. Tururin da ya tashi ya zo da wani wari, warin dabba sak, irin na turke in ruwan sama ya sauka. Na toshe hanci. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya ce ashe rago na saya ba a kawo mini naman ba.

Muna cikin haka na ji motsin takalmi a bayana. Na juya, mahaifiyata ce tsaye a bakin ɗakin ɗinki, ta dafa bango. Tun da ta zo gidan ba ta taɓa leƙo ɗakin nan ba.

"Wa yak kawo tunkiya gidanga?" in ji ta.

"Babu tunkiya, Inna. Abin gugata na."

"Ke, ni za ki gwada ma warin tunkiya? Tunkiya ta, kuma ruwa sun buge ta."

Na nuna mata shimfiɗar. Ta matso a hankali, ta sa tafin hannu ta shafa, tana da ɗumi har lokacin. Ta ɗaga ta kai hanci. Na gaya mata gashin tumaki ne aka tara aka danne.

"Tumakin wace ƙasa? Namu ko garke guda kika aske ba ki cika ƙwarya."

"Na ƙasashen sanyi na, Inna. Su nasu gashin kamar auduga yake."

Ta girgiza kai. "Allah mai iko. Gashi daban, wari guda."

Daga nan ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna a gefen tebur. Ni kuma na ci gaba da aikina. Har aka kira azahar tana nan.

Washegari ina hura gawayi ta fito da kanta. Jibi ma haka. Kafin wani lokaci ya zama ƙa'ida, ni ina kan keke, ita tana gefen tebur tana miƙo mini ƙyallaye. Ta fara sa baki a launi, wai ja da ruwan goro ba sa zama kusa, suna faɗa. Wata rana ta ce in ba ta dutsen. Na nuna mata yadda ake yi a wannan aikin, ba a jan dutse gaba da baya kamar gugar riga, domin ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa ya ɓata siffa. Dannawa ake yi, a ɗan jira, a ɗaga, a matsa gaba. Aikin ya dace da ita fiye da ni, ni da kullum kamar ana kora ta. Takan yayyafa ruwan da yatsunta, ta danna, ta sunkuyar da kai cikin tururin. In mun tashi ita ke jingine shimfiɗar a bango ta sha iska, domin tururi yana ratsa ta har ya jiƙa katakon tebur.

Kuma ta fara ci. A nan gefen tebur nake ajiye mata fura, in waiwaya in ga kwano wayam. Labari ya dawo. Ta ba ni labarin shekarar da tunkiyarta ta haifi uku, da yadda wata ta taɓa cinye wa mahaifinmu takardar gona. Na kira yayana ina murna. Kuma don ku san irin kaifin basirata, na gaya masa maganin ƙarin jinin da na sayo a kemis ne ya karɓe ta. Har na ba maƙwabta sunan maganin.

Ni dai warin nan bai daina damuna ba. Ba ya daɗewa a jikin yadi, in an shanya a inuwa yana fita, amma ɗakin ɗinkin kansa ya kama. Ranar nan wata Hajiya ta zo duba bargon 'yarta da za a aurar. Mace ce mai tsafta, tun daga zaure ƙamshinta ke yin sallama kafin ita. Ta shigo, ta tsaya, hancinta ya motsa. Ta leƙa ƙarƙashin tebur. Sannan ta ce, cikin ladabi dai, "Ashe kiwo kuke yi a ciki?" Ta ɗauki bargon ta shinshina, ta ce ita fa ba za ta kai wa surukai kayan gado mai warin turke ba, a san yadda za a yi. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido.

Da yamma na kai kuka wajen ƙawata da ke bayan layinmu. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma a ganinta babu matsalar duniya da hayaƙi ba ya magani. Ta saurare ni ta ce, "Wanga shi ad damuwa? Kawo shi nan. Ko bunsuru na, in ya kwana bisa kabbasata ango yake tashi." Na ji daɗi. Mu a wajenmu ai haka ake yi, zani, labule, filo, kayan jariri, duk abin da ke da wari kasko ne maganinsa. Ban ga dalilin da shimfiɗar guga za ta fi ƙarfin al'ada ba. Na naɗe ta a leda na kai mata.

Ƙawata ba ta yi ha'inci ba. Ta kifa kabbasa, wato kwandon nan da ake rufe kasko da shi a ɗora tufafi, ta shimfiɗa abata a kai, ta lulluɓe da bargo don kada hayaƙi ya tsere. Ta zuba turarenta mafi tsada, mai sandal da miski, ta yi ta ƙarawa wuni guda. Ta juya ɗaya gefen ta maimaita. A ƙarshe, don ƙauna, ta yayyafa humra. Shi kuwa gashin tumaki, ashe yadda yake shan zafi haka yake shan hayaƙi. Da ta dawo mini da ita, ko ɗakin amarya bai kai ta ƙamshi ba.

Da safe na hura gawayi ina jin kaina. Mahaifiyata ta fito kamar kullum, ta zauna, ta ɗauki dutse. Ta shimfiɗa wani farin ƙyallen shadda, ta yayyafa ruwa, ta danna, ta sunkuyar da kai. Tururi ya tashi da ƙamshin sandal. Na ga ta tsaya. Ta ɗaga dutsen ta ajiye a mazauninsa. Ta ɗago shimfiɗar ta shinshina wannan gefe, ta juya ta shinshina wancan. Sai ta mayar da ita a hankali, ta gyara mata zama a tebur, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Inna, ina za ki? Ga shi yanzu an huta da wari."

"Ƙahwata ka ciwo," in ji ta, ta shige ɗaki.

Na ɗaga farin ƙyallen da ta bari. Bayansa ya yi jaja-jaja, tururi ya narkar da man turaren ya hau yadi. Na gwada wani, shi ma haka. Wato na samu ƙamshi na rasa shimfiɗa. Na zauna ina ta jin haushin ƙyallen shadda, ban ma lura da babbar asarar ba sai da rana, da na kai fura ɗakinta na dawo da ita yadda na kai.

Kwana ya bi kwana, muka koma gidan jiya. Ta daina fitowa, ta daina labari. Na ƙara sayo maganin kemis, na ajiye mata a kan taga, ko buɗe shi ba ta yi ba. Wata la'asar, hadari ya haɗo ta gabas, na shiga rufe mata taga. Tana zaune a kan darduma da carbi. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, don Allah ki gaya min abin da niy yi miki. In laihi na, ki yahe min, amma ki ci abinci."

Ta ajiye carbin a cinyarta. Ruwa ya fara sauka a kan kwano.

"Ba ki yi min laihi ba," ta ce. "Kun ɗauke min tumakina can Shagari, ban ce komi ba, na san don ni kunka yi. Ɗan warinsu da Allah yak kawo min har gida, shi ma kin sa an turare shi."

Na sunkuyar da kai.

"In anka hwara ruwa irin wanga," ta ci gaba, idonta a kan taga, "babanku shi ka hita shi kwance su shi kai rumhwa. Ba shi bari in hita. In yad dawo ɗaki, haka rigarshi ka wari. In ce mashi tuɓe ta ka ba ni, shi ce bari ta bushe a jiki. Shekara da shekaru muna wagga gardama." Ta ɗan yi murmushi. "An raba rigunanshi sadaka, an wanke su tas kahin a bayar. Ban san zan ƙara jin shi ba sai ran da kid danna dutsen nan."

Ni da nake tunanin na iya kula da uwa, na sa kai a cinyarta na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar. Ita ce ma ta koma lallashina, tana shafa mini kai tana cewa in tashi kada 'ya'yana su gani.

Da ruwa ya tsagaita na kira yayana. Na ce masa ba maganin kemis ba ne, na kwashe duka na gaya masa. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Asabar ina nan tahe. Ki ce ma Inna ta shirya." Maigidana kuwa ban ma gama magana ba ya tashi ya fitar da babur ɗinsa daga gindin dogon yaron da ke kusurwar gida, ya ce ai zaure ya ishe shi. Washegari ya kawo mai gini ya fasa simintin wurin, aka kafa turke, aka ɗora 'yar rumfar kara.

Ranar Asabar muka kama hanyar Shagari a motar yayana. Gero ya kai gwiwa a gonaki, ko'ina kore. Mahaifiyata na baya da ƙwarya a cinya, ta zuba dusa da ɗan garin kanwa ta rufe da fai-fai. Ba ta gaya wa kowa abin da za ta yi da ita ba. Muka wuce gari muka bi hanyar burji har inda mota ta ƙi, muka ƙarasa rugar da ƙafa, ita a gaba, mai ciwon ƙafar nan.

Aminin mahaifinmu ya tarbe mu da mutunci, aka shimfiɗa tabarma, aka daɗe ana gaisuwa da addu'a ga mamaci. Ya ce tumaki suna nan lafiya, sai dai sun gauraya da nasa, bari ya sa a ware su. Mahaifiyata ta ce ya bari. Ta tashi ta nufi inda garken yake kiwo a gefen fadama, ta tsaya daga nesa, ta buɗe ƙwaryar, ta fara ƙwanƙwasa gefenta da zobenta kamar yadda take yi a gida. Tumaki da yawa suka ɗaga kai suka mayar. Sai wata tsohuwar uda, gabanta ja bayanta fari, ta tsaya da ciyawa a baki. Ta yi kuka sau ɗaya, ta ratso garken a guje, ɗanta na bin ta, ta zo ta cusa kai cikin ƙwaryar har tana neman ture mai ita. Mahaifiyata ta riƙe mata kunne tana yi mata faɗa, wai ta rame, wai ba ta da kunya. Yayana ya juya baya yana duba wayarsa, wayar da ko sabis babu a wurin.

Ba ta ce a kwaso duka ba. Ta ce udar nan da ɗanta sun ishe ta, sauran a bar su inda ciyawa take. Rigima ta tashi a wajen mota, domin ta ce ba a sa mata tunkiya a but ɗin mota kamar buhun albasa. Yayana mutum ne da ke rataya ɗan turare a madubin mota, kuma ba ya bari a ci ko gyaɗa a ciki. Ya dubi kujerunsa, ya dubi mahaifiyarsa, ya buɗe ƙofar baya da hannunsa. Haka muka dawo Boɗinga, ni da shi a gaba, Inna da uda da ɗan rago a baya, kuma ruwan fadama ya jiƙa tumakin sarai. Bai sauke gilashi ba har muka iso.

A daren farko ta cinye tuwonta ta nemi ƙari. Daga nan kuma sai gidana ya koma irin gidan da na tashi a ciki, harawa a kan rumfa, dusa a tsohon bokiti, shara safe da yamma. Na daina shanya kayan mutane a tsakar gida tun ranar da ɗan ragon ya ɗanɗana gefen wani leshi. Hajiyar nan mai bargo ta karɓi kayanta bayan na shanya shi a inuwa na turara mata shi da kyau, kuma da ta sake tambaya ko kiwo muke yi, na ce mata ƙwarai kuwa, ga su can.

Shimfiɗar ma ba ta mutu ba. Mahaifiyata ce ta yi jinyarta. Ba a wanke ta da ruwan zafi da sabulu, takan ƙanƙance ta murɗe, don haka sai ta riƙa jiƙa tsohon farin tsumma ta ɗora ta danna dutse, tsumman ya sha man turaren, ta canza wani. In ta gaji ta jingine ta a inuwa. A hankali jan ya daina fitowa, ƙamshin ya ja baya. Wata safiya ta yayyafa ruwa ta danna, ta sunkuya, ta ɗago tana dariya ta ce, "Ta dawo." Ƙawata da ta ji labari ta zo har gida ta durƙusa tana ba da haƙuri, Inna ta ce ta tashi, ai turarenta mai kyau ne, wurin zuwansa ne bai sani ba.

Ta yi shekaru tare da mu bayan haka, safiya wajen turke, hantsi wajen guga. Barguna da yawa da ke kan gadajen matan garin nan ita ta kwantar musu da gaɓa. Da lokacinta ya yi, ta tafi cikin sauƙi, a ɗakin nan mai sabon labule da ya riga ya tsufa. Jikokin udar suna nan a gindin dogon yaro, maigidana har yau a zaure yake ajiye babur.

In na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka lissafa mata komai, katifa, magani, asibiti kusa, muka bar abin da ke tashinta da safe. Mun tambaye ta, ta ce yadda muka gani, mu kuwa ba mu tsaya mun ga komai ba. Tsofaffinmu ba sa cewa a'a ga 'ya'yansu, sai dai su daina cin abinci. Yanzu in wata ta zo ɗinki tana ba ni labarin za ta ɗauko tsohuwarta daga ƙauye, nakan ce ta duba da kyau abin da za a bari a baya.

Masu tambayata a kan shimfiɗar nan, ko ta cancanci saye, ina cewa ta cancanta. A bar dutse ya ɗan huce, a danna a ɗaga, a jingine ta ta bushe bayan aiki. Suna tambaya ko gaskiya ne tana wari, in ce gaskiya ne, wasu sun ce nasu ya ragu da daɗewa. Tawa ta tsufa, gefenta ya yi baƙi inda garwashi ya taɓa faɗowa, amma in ta sha ruwa da zafi tana nan da halinta. Ƙawata takan aiko mini da turare duk sallah, ina turara zannuwa da labule da kayan amare. Shimfiɗar kuwa ba ta ƙara kusantar kasko ba. Kowace safiya nakan yayyafa ruwa da yatsuna, in danna dutse, in sunkuyar da kai cikin tururin kafin in fara aiki. A da, mutum ɗaya warin nan yake dawo wa mahaifiyata da shi, mahaifinmu. Ni yanzu biyu yake kawo mini.